Injin Da Na Goya a Hanyar Rido

Na sha wuya a Kaduna, irin wuyar da ba na yi wa maƙiyina fatanta. Ni ba ɗan boko ba ne, da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka ban iya ƙawata zance ba. Yadda ya faru haka zan faɗe shi.

Sunana Haladu, mutumin ƙasar Tasawa ne ni, cikin Nijar. Na shigo Nijeriya bayan farin da ya cinye mana gero da dabbobi, lokacin soja ke mulki, iyaka a rufe, ta daji muka bi. Na bar mata da yara da rumbun da ko ɓera ya daina leƙawa. Abu ɗaya ya kawo ni, in sami aikin da zan riƙa aika musu da hatsi.

Kaduna da mari ta tarbe ni. Ina sauka daga mota wani ƙato ya fizge mini buhu, wai shi ɗan dako ne. Na ce ban sa shi ba. Na riƙe bakin buhun, ya riƙe gindin. Kafin in ankara abokansa sun kewaye ni, wani ya zabga mini mari ta baya, wani ya sa mini ƙafa. Na kifa a kan baki, haƙorina na gaba ya karye. Suka tafi da buhun, bargona da 'yar tukunyata na ciki. Mutane na wucewa suna tsallake ni. Wata mai tuwo ce ta miƙo mini ruwa a kwano ta ce, "Kurkure bakinka, bawan Allah, ka tashi daga nan kafin soja su zo su ƙara maka." Na kurkure, na tofar da jini, na tashi.

Daga nan sai unguwar Makera. Ina kwana a rumfar masu itace, da rana ina ɗiban yashi a bakin kogi muna loda wa tifa. Mu 'yan Nijar ne kusan duka, kuma duk Buzaye ake ce mana, ko kai Bahaushe ne tun kakan kakanka. Mai tifar ya yi ta ce mana gobe, gobe. Ranar da wani daga cikinmu ya tare shi ya ce yau sai ya biya mu, sai mai tifar ya karɓi shebur daga hannuna ya sara masa a goshi. Fata ta rufto masa a kan ido. Mai tifar ya jefar da shebur ya ce, "Ku je ku kai ƙara. In an tambaye ku takarda sai ku nuna." A lokacin ana kwashe baƙi marasa takarda ana zuba su a manyan motoci zuwa iyaka. Ba wanda ya je ko'ina. Muka ɗaure wa wanda aka sara kai da rawani, muka watse.

A masallacin Juma'a na Kakuri na haɗu da Baba Illo. Tsoho ne siriri, mutumin Damargu, ya daɗe a Kaduna yana gadi. Ya ji ina tambayar wani hanya, ya kamo hannuna ya ce, "Kai, wannan bakin na gida ne. Ɗan wane gari?" Na faɗa masa. Ya dubi leɓena da ya kumbura, ya dubi ƙafata ba takalmi, bai sake tambayata komai ba. Ya ce in biyo shi.

Yana gadi ne a gidajen wani kamfanin Turawa a hanyar Rido, kusa da matatar mai, inda wutar nan ke ci a saman dogon bututu dare da rana. Gidaje ne a cikin katanga ɗaya, da bishiyoyin mangwaro da dalbejiya ko'ina. Baba Illo ya roƙa mini aikin shara, ya kuma ba ni gefen tabarmarsa a ɗakin gadi. Da safe yakan hura gawayi a 'yar mangal ɗinsa a bakin ƙofa ya dafa mana shayi irin na gida, mai ɗaci.

Shugaban leburori shi ne Saje Tanimu. Tsohon soja ne, ya yi yaƙin basasa, ga jiki, ga jan ido. Yana da bulala ta wayar lantarki da ya murɗa da kansa, yana kiranta Likita, wai tana warkar da lalaci. Ranar da na fara ya ɗaga ta a gaban hancina ya ce, "Ɗan Faransa, kun gaisa da Likita?" Na ce a'a. Ya tsula mini ita a cinya ya ce, "To kun gaisa." Leburori suka yi dariya don dole.

Na zaci tsintsiya za a ba ni. Ashe Baturen da ke riƙe da wurin ya zo da inji daga ƙasarsu. Goya shi ake yi kamar yaro, da madauri biyu. Akwai ɗan tankin fetur a sama daidai ƙeya, da dogon bututu da ake riƙewa a hannun dama, da wani ɗan maɓalli da ake matsawa ya ƙara wuta. In ka ja igiya ya tashi sai ya riƙa ihu yana fesa iska, kana tura ganye gaba har ka tara shi wuri guda. Aikinsa ke nan, korar ganye. Ranar farko da na ga an cinna wa tulin da na tara wuta sai da na juya baya. A garinmu na bar akuyoyi suna cin tsumma, mata na hawa bishiya suna kakkaɓo abin da za a dafa wa yara.

Amma aiki ne, kuma a ƙarshen watan farko na sayi masara na ba wani direba ɗan garinmu ya kai gida. Ranar na yi barci.

Aibin injin ɗaya ne a lokacin. Duk sanda na sunkuya, fetur kan ɗigo daga murfin tankin ya bi wuyana ya gangara baya. Ga zufa, ga zafin inji, ga madauri na gurza. Bayana ya saluɓe, ya yi ja, ya fara ruwa. In na cire riga sai ta taho da fata. Baba Illo kan shafa mini man kaɗanya da yamma yana tsaki yana cewa, "Wannan abu zai cinye ka, ɗana." Na ce ya bari, in na yi magana Saje zai ba wani aikin. Ana nan sai ɗigon ya tsaya. Ban tambayi dalili ba, na ce alhamdu lillahi, bayana ya fara bushewa.

Sai injin ya fara mutuwa.

Zai tashi lafiya lau. In yi layin gida ɗaya, in shiga na biyu, sai in ji muryarsa ta canja, ya yi tari, ya ja numfashi kamar mai asma, ya yi ɗif. In ja igiya har kafaɗata ta ƙage, ba zai tashi ba. Sai in sauke shi, in buɗe tanki in ga ko mai ne ya ƙare. Mai na nan. In rufe, in ja, sai ya tashi kamar ba shi ba. Can an jima ya sake.

Saje ya ce ni ke kashe shi don in huta. Karo na farko a ƙafa ya ba ni bulala. Karo na biyu ya sa ni tsallen kwaɗo da injin a bayana daga ƙofa zuwa gidan Bature, matan Turawa na leƙe ta taga. Na uku a bayan ya zuba mini Likita, a kan gyambon da ya fara warkewa, har rigata ta manne. Bayan ya gama ya ce, "Yanzu ja mu gani." Na riga na buɗe tanki na duba kafin ya iso, don haka ina ja ya tashi. Ya ce, "Kun gani? Ba injin ne ke son magani ba."

Direban kamfani ya ji tausayina ya ce fulogi ne. Ya nuna mini yadda ake kwance shi. Na kankare baƙin da waya, na hura, na mayar. Ya mutu. Ya ce to soson da ke tace iska ne ya toshe. Na wanke shi da sabulu na shanya. Ya mutu. Wani lebura ya ce an yi wa fetur ɗin algus da kananzir, muka zubar muka zuba sabo, muka gauraya da man inji yadda Bature ya nuna. Ya mutu. Wani ya ce sammu ne, wanda aka kora kafin ni ya yi. Baba Illo ya yi rubutu ya ba ni na sha, ya tofa wa injin addu'a. Duk da haka ya mutu.

Da Bature ya ji abin da kunnensa ya kira Saje ya yi masa faɗa a gabanmu, Saje ya sara masa yana "yessa, yessa". Bature na juya baya Saje ya shaƙe ni da hannu ɗaya ya haɗa ni da bango. Ya ce, "Zai je Legas ya dawo ran Asabar. Ka ɗauki tsiyar nan ka kai Sabon Tasha wurin Sande. In ya dawo injin nan ya mutu a gabansa, wallahi da hannuna zan miƙa ka ga 'yan sanda, in ce ga ɗan Faransa ba takarda ya lalata kayan kamfani. Daga kurkuku sai iyaka."

Sande makanike ne, Inyamuri, gajere mai tumbi, yana gyaran janareta da injin niƙa a wata rumfar kwano bayan kasuwa. Hausa a bakinsa kamar ɗan gari, sai dai yakan jefa Turancin kasuwa. Ya dubi injin ya yi dariya har da riƙe ciki. "Aboki, wannan mene ne aikinsa? Ganye? Chineke! Tsintsiya ta mutu ne a ƙasarsu?" Ya kwance kafireta ya baje a kan tire, ya wanke da fetur, ya hura kowane rami da bakinsa. Ya canja ɗan tiyon mai, ya ce ya tsufa. Ya cire salansa ya ƙone dattin ciki. Ya sa sabon fulogi. Ya buɗe tanki ya cika, ya rufe, ya ja. Injin ya yi ihu har masu tumatir suka toshe kunne. Ya kashe ya ce, "Ya gama. In ya sake mutuwa ka zo ka yanke mini kunne." Da zan tafi ya ga jini a rigata, ya ɗaga ya duba, dariyar ta ɗauke. Ya sayo mini burodi da shayi.

Washegari a layi na biyu injin ya mutu.

Saje bai dake ni ba ranar, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya tura direba ya gaya wa Sande ya zo da kansa, in ba haka ba zai je ya rushe masa rumfa. Ranar Juma'a da hantsi Sande ya iso a kan babur. Muka tsaya a bakin ƙofa, ni da shi da Saje da leburori. Baba Illo na zaune a ƙofar ɗakin gadi, mangal ɗinsa na gefe da sauran garwashi.

Sande ya ce, "Yau ba zan kwance komai ba. Tashe shi, aboki, mu jira mutuwarsa." Na ajiye shi a ƙasa na ja. Muka tsaya muna kallo. Ya yi ta ihu, can ya fara tari, ya yi ɗif. Na miƙa hannu zan buɗe tanki yadda na saba, Sande ya buge mini hannu. "Tsaya. Kullum kana buɗewa?" Na ce kullum. Ya durƙusa, ya kai kunnensa kusa, ya murɗa murfin a hankali. Duk muka ji, fuuu, tankin ya ja iska kamar wanda aka daɗe da shaƙewa.

"Ehen!" in ji Sande. Ya ɗaga murfin sama yana juya shi a rana. "Oga, akwai ɗan rami a nan, ƙarami kamar na allura. In mai na sauka dole iska ta shiga ta cike wurin. In ba rami, mai ba ya sauka, inji ya mutu da yunwa ga abinci a kansa. Ina ramin?" Ya sa farce ya kankara. Wani ɗan abu baƙi mai tauri ya ɓalle ya faɗo masa a tafi. Ya shinshina ya ce, "Ba kwalta ba ne. Wanda ya yi wannan ya iya aiki, kalar murfin sak."

Ni ina gani na gane. Ƙaro ne da baƙin tukunya, haɗin da Baba Illo ke yin tawada da shi. Haka muke liƙe gora ko ƙwarya in ta tsage a gida.

Sande ya zura waya ya buɗe ramin, ya rufe tanki, ya ja, ya ɗora mini injin a baya. Na yi layi na ɗaya, na biyu, na uku, na zagaya bayan gidan Bature na dawo. Bai ko yi tari ba. Leburori suka yi tafi. Na sassauta maɓalli, injin ya koma gunji ƙasa-ƙasa a bayana.

Saje bai yi tafi ba. Ya karɓi ɗan baƙin abin yana jujjuya shi. Ya ce, "Wane ɗan iska ne ya liƙe wannan?" Idonsa a kaina.

Ban kai ga buɗe baki ba sai ga Baba Illo ya taso yana murmushi. Bai fahimci bayanin Sande ba, shi ya ji an yaba aiki. Ya ce, "Ni ne, ranka ya daɗe. Yoyo yake, yana cin bayan yaron ga. Har baƙin tukunya na sa don kada Bature ya ga an taɓa masa kaya."

Bulalar a fuska ta same shi. Ta tsaga daga kunne zuwa baki. Ya faɗi zaune, hularsa ta yi gefe, yana kallon Saje kamar bai gane abin da ya faru ba. Saje ya sake zuba masa, ya sake, sannan ya sa takalmin soja a haƙarƙarinsa. "Tsohon banza! Saboda kai Bature ya zage ni a gaban leburori!" Sande ya riƙo shi yana cewa, "Oga, haba, tsoho ne fa, uban wani ne!" Saje ya kai masa gwiwar hannu a hanci, jini ya ɓalle. Ya koma kan tsohon. Baba Illo ya ɗaga hannu ya kare kai, Saje ya take hannun a ƙasa ya murza. Na ji ƙashin ya yi ƙas.

Ina tsaye. Na san inji ya gyaru, laifi ya tashi daga kaina, gobe Bature zai dawo ya ga wuri fes. In na yi shiru aikina ya tsira. Na tuna rumbu, na tuna yara, wallahi na tuna su ɗaya bayan ɗaya. Leburori duk sun sunkuyar da kai, ni ma na sunkuyar. Sai na ji tsohon yana salati da muryar da ba tasa ba.

Saje na sunkuye a kansa, mangal na tsakanina da shi. Na saita bututu a kan garwashin na matse maɓalli har ƙarshe. Garwashi da toka da tsakuwa suka tashi gaba ɗaya suka shige masa fuska. Ya yi ƙara ya dafe ido, yana kaɗa bulala ta ko'ina. Ta same ni a kunne ta tsaga shi, ban ji ba sai daga baya. Na zare madauri, na ɗaga injin da hannu biyu yana ta ihu, na maka masa a kafaɗa. Ya durƙusa. Na sake ɗagawa na maka masa. Salansar ta manne masa a wuya, na ji ƙaurin fata. Tankin ya fashe, fetur ya watsu a kan garwashi, wuta ta tashi. Saje ya yi birgima yana kururuwa, hannun rigarsa na ci, leburori suka rufe shi da yashi. Injin na gefe yana narkewa.

Na je zan ɗaga Baba Illo, ya ture ni da hannunsa mai lafiya. Bakinsa cike da jini ya ce, "Gudu." Sande ya riga ya tashi babur, ya fizgo ni ta wuyan riga. Muka bi ta bayan gonaki, hancinsa na zuba a kan tankin babur, kunnena na zuba a kan rigarsa.

Ya ɓoye ni a bayan rumfarsa, tsakanin matattun janareta, ya rufa mini buhu. Matarsa ta kawo teba da wata miya mai ɗaci, ta ɗaure mini kunne da tsumma tana ta magana da yarensu, ban san ko zagina take ko addu'a ba. Da magariba Sande ya je ya jiyo labari. Saje na asibiti, bai mutu ba, an naɗe masa ido, kafaɗa ta karye. 'Yan sanda sun je, suna neman Buzu mai karyayyen haƙori. Baba Illo an kore shi, leburori sun kai shi ɗakin wani mai shayi ɗan ƙasarmu a unguwar Romi.

Sande ya ce, "Haladu, kada ka yi arewa, a hanyar can suke tare baƙi. Da asuba ka fita titin Kachiya ka hau duk abin da ya tsaya. Kada ka biya ko'ina, ka ji ni? Ko'ina." Ya ba ni tsohuwar rigarsa ta aiki mai maiƙo.

Da safe ban fita titi ba, Romi na nufa a ƙasa, na rufe baki da ƙyalle. Na sami Baba Illo kwance a kan tabarma, fuskarsa ta kumbura har ido ɗaya ya rufe, an ɗaure hannun da karan dawa. Ya dube ni da ido ɗayan. Sannan ya ce, "Kai wawa ne, Haladu. Duka ne, da na sha na tashi. Yanzu mi yaranka za su ci?"

Na karɓi ruwan ɗumi wurin mai shayi na sa gishiri na wanke masa fuska. Na tallafe kansa na ba shi koko, rabi na shiga rabi na zubowa ta inda bulala ta tsaga. Da ya yi barci na fito titi na tsayar da wata motar siminti mai yin kudu. Na hau baya na kwanta a tsakanin buhuna, ban tambayi direban inda za shi ba.